Zanzibar: a sauka a tsohon gari ko a babban otal na bakin teku?

"Assalamu alaikum. Ni da amaryata muna shirin zuwa Zanzibar bayan biki, za mu yi kwana bakwai. Wani mai shirya tafiye-tafiye ya ba mu shawarar babban otal a Nungwi, irin wanda ake biyan kuɗi sau ɗaya, ci da sha da komai a ciki. Amma yayata da ta taɓa zuwa ta ce mu nemi ƙaramin otal na alfarma a cikin tsohon gari. Na duba, kuɗin kusan ɗaya ne. Ni dai ban ga yadda za a ce ɗaki da karin kumallo kawai ya fi wanda aka haɗa maka komai ba. Ina hikimar take?"

Wa alaikumus salam, ango. Allah ya sanya alheri, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

Idan na fahimce ka, tambayar ita ce: kuɗi ɗaya, wani ya ba ka ɗaki da abinci sau uku da abin sha ba iyaka, wani kuma ya ba ka ɗaki da shayin safe ya ce sauran ka ji da kanka, to don me mai hankali zai ɗauki na biyun? A lissafin takarda na farkon ne ya ci. Amma shirya wa mutane tafiya ita ce sana'ata, mafi yawan waɗanda nake yi wa aiki kuma Musulmi ne daga Kano da Kaduna da Abuja, kuma abin da na gani a wurinsu ya sa nake bayan yayarka. Ga mutum irinka, lissafin takardar nan ba da kai aka yi shi ba.

Abin da ke cikin "komai"

Otal mai komai-a-ciki ba sadaka yake yi ba. Yana duba abin da matsakaicin baƙonsa ke ci da sha a yini, ya ɗora ribarsa, ya raba wa kowa daidai. Matsakaicin baƙon garuruwan bakin teku irin su Nungwi da Kendwa da Kiwengwa kuwa Bature ne da ya gudo wa sanyin ƙasarsa, ya zo ya kwanta a rana, kuma babban abin da ya ja shi zuwa wannan tsari shi ne giya ba ƙidaya tun daga hantsi har tsakar dare. Giya na daga cikin abubuwa mafi tsada a kuɗin da aka haɗa. Kai da amarya za ku sha ruwan kwakwa da lemo da shayi, amma farashin da za ku biya na mai shan giya ne. Rabon da ba ku taɓa ba shi ke cike giɓin wanda ya sha fiye da kima. Hukuncin wannan a addini na bar wa malamai. Ni ta fuskar aljihu nake magana, kuma ta nan an kwashe ka.

Na biyu, an gina tsarin ne don ka zauna a ciki. Ranar da kuka isa za a ɗaura muku awarwaro na roba a hannu, shi ne shaidar kun biya. Daga nan duk abincin da kuka ci a waje kun biya shi sau biyu ke nan, kuma zuciya ba ta son asara, don haka sai ka ga mutum yana duba agogo kada abincin rana ya wuce shi. Daga Nungwi zuwa gari tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce a mota. Zuwa da dawowa awa uku, ga kuɗin tasi, ga abincin da ka bari a baya. Mafi yawan mutane sau ɗaya suke yin wannan fita, a kai su da tsakar rana lokacin da zafi ya fi tsanani kuma garin ya yi lakwas, ɗan rakiya ya zaga da su awa biyu ko uku, a ɗauki hoto a bakin wata ƙofa, a koma. Su dawo gida su ce sun je Zanzibar, alhali katangar otal suka gani da teku.

Akwai kuma abin da mazaje ba su cika tunawa ba sai an isa, wato walwalar matar. A bakin tafkin ninkaya na irin waɗannan otal-otal shigar mutane ta Turai ce, kiɗa na tashi, mashaya na tsakiyar wurin. Na sha jin amare sun dawo suna cewa yawancin yinin a ɗaki suka yi shi, ba don wani ya ce musu uffan ba, sai don duk inda ta zauna da mayafinta ita kaɗai ce a haka, ido kuma yana binta. Wasu ba su damu ba, suna shan iskarsu lafiya lau. Ka tambayi taka tun yanzu, kada ka yanke mata. A cikin gari kuwa ita ce daidai da kowa, domin matan Zanzibar da baƙar abaya da gyale suke yawo, baƙuwar da ta fito da gajeren wando ce ake kallo.

Garin da yayarka take nufi

Rairayi fari da ruwa shuɗi akwai su a Mombasa, akwai a tsibirin Moris, akwai a tsibiran Maldibs. Abin da babu shi a wani wuri shi ne wannan tsohon gari da ake kira Stone Town, 'yan ƙasa kuma suke ce masa Mji Mkongwe, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Larabawan Oman ne suka kori Turawan Fotugal daga wannan gaɓa a ƙarshen ƙarni na 17, suka gina ganuwar da har yau take tsaye a bakin ruwa. A 1840 Sarkin Oman Sayyid Sa'id ya ɗauke fadarsa daga Maskat ya dawo da ita nan, garin ya cika da dukiyar kanumfari da hauren giwa da, abin takaici, cinikin bayi. An rufe kasuwar bayin a 1873, aka gina cocin Angilika a filin, a unguwar Mkunazini. Ka je ka ga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ake nuna wa baƙi a wurin, ba wurin nishaɗi ba ne amma bai kamata a tsallake shi ba. Sarki Bargash ya gina Baitul Aja'ib a 1883, gini na farko da ya sami lantarki a tsibirin, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020 aka shiga gyara. A gaban wannan gini ne jiragen ruwan Ingila suka yi wa fada ruwan wuta ranar 27 ga Agusta 1896, yaƙin da bai kai awa ɗaya ba ya ƙare.

Duk wannan ana iya jinsa daga bakin ɗan rakiya cikin yini ɗaya. Abin da ba a samu sai an kwana shi ne garin a lokutan da yake na masu shi. Da asuba kiran salla zai taso maka ta ko'ina, domin masallatan cikin wannan ɗan taƙin wuri sun kai hamsin. Ka sauko ka bi lungu cikin duhu-duhu, mintuna biyu kana cikin sahu. Mafi yawan mutanen Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya kuma yi alƙunutu a bayyane bayan ruku'u jama'a na amsawa da amin. Akwai kuma masallatan Ibadawa, jikokin mutanen Oman, waɗanda suke sakin hannu a salla kamar yadda ka saba gani wurin dattawanmu na Malikiyya. Kana fitowa za ka tarar da mai gahawa ya kafa butarsa a kan garwashi, dattawa sun jeru a dakali, kowa da ɗan ƙaramin kofi da alewar gyaɗa ko ta kwakwa da suke kira kashata. Akwai wata mahaɗar lunguna da ake ce wa Jaws Corner, nan ne majalisar gari, ana gahawa ana siyasa ana buga domino. Ka yi sallama ka zauna, za a matsa maka.

Lungunan za su tuna maka cikin birnin Kano wajen Kurmi: ƙunci, kwana a kan kwana, babur na neman hanya, yara na dawowa daga makarantar allo. Za ku ɓata, kowa yana ɓata, kuma ba abin tsoro ba ne domin garin ƙarami ne, duk inda kuka miƙe ko dai ku ɓulla bakin teku ko ku ɓulla babban titin da ke gaban kasuwar Darajani. Ku je Darajani da safe lokacin da ake gwanjon kifi, amarya ta sayi kanumfari da kirfa da masoro da zannuwan kanga a farashin da ba na shagon otal ba. Da la'asar sakaliya ku gangara lambun Forodhani, inda samari ke tsalle daga kan katanga suna faɗawa ruwa, jiragen filafilai na dawowa, masu abinci na jera tebura suna kunna fitilu. Ku sha ruwan rake da aka matse da citta da lemon tsami a gabanku, ku ɗanɗana urojo, wani romo mai tsami da dankali da ƙosai a ciki, ku ci tsiren da suke kira mishkaki. Kifin da aka jera tun yamma ana ɗumamawa kuwa ku bar shi, ku ci abin da aka gasa kuna gani. Don abincin rana na gaske, shinkafar pilau da biriyani da miyar kwakwa, gidajen abinci irin Lukmaan da ke kusa da Mkunazini sun ishe ku, kuma abin da ku biyu za ku kashe a can a yini bai kama ƙafar kuɗin ci da sha da otal mai komai-a-ciki zai caje ku ba. Batun halal kuma a cikin gari ba ya buƙatar dogon bincike, mahautan garin Musulmi ne.

Su kansu gidajen

Ƙananan otal-otal ɗin nan yawancinsu gidajen attajiran ƙarni na 19 ne, Larabawa da Indiyawa, da aka gyara. An gina su da dutsen murjani da farar ƙasa, bango mai kauri wanda ke riƙe sanyi. Za ka lura ɗakunan dogaye ne amma ba su da faɗi sosai, dalili kuwa azarar rufin itacen bakin teku ce da suke kira boriti, tsawonta bai cika wuce mita uku ba, don haka faɗin ɗaki ya tsaya inda azara ta tsaya. Ƙofar shiga kaɗai abin kallo ce: katako mai nauyi da aka sassaƙa, ta Larabawa mai kusurwa huɗu sau da yawa da ayar Alƙur'ani a samanta, ta Indiyawa mai baka da manyan ƙusoshin tagulla. A ciki akwai tsakar gida da iska ke saukowa ta nan, matakala ta katako mai ƙara, gado mai tsayi da ginshiƙai huɗu da gidan sauro, akwatin tagulla a gefe, tagogi masu gilashi kala-kala da rana ke ratsawa ta zuba launi a daɓe. Ba ɗaki biyu da suke iri ɗaya. A saman gidan kuma akwai rumfa, nan ake karin kumallo, kana ganin rufin kwano na gari gaba ɗaya, hasumiyar masallaci, ƙahonnin cocin Katolika biyu, da teku a bayansu.

Alfarmar irin wannan wuri ba ta marmara da fitilun lu'ulu'u ba ce. Gida mai ɗaki goma ko goma sha biyar, kafin kwana biyu ma'aikata sun san ku, sun san amarya ba ta son sukari da yawa, sun san kana fita asuba sai a bar maka ƙofa. Ka ce kana son jirgin ruwa zuwa tsibirin Changuu inda manyan kunkuru suke, ko zuwa gonar kayan ƙamshi, mai karɓar baƙi zai kira wanda ya sani ya yi maka ciniki. A otal mai ɗaki ɗari uku lambar ɗakinka ake tambaya kafin sunanka. Cikin sanannun irin waɗannan gidaje akwai Emerson on Hurumzi da Emerson Spice, waɗanda suka yi suna da cin abincin dare a kan rufi, sai Jafferji House da Zanzibar Coffee House da Dhow Palace. Idan kana son tsohon gari amma da girman babban otal da tafki da kallon teku, akwai Serena da Park Hyatt a unguwar Shangani, sai dai su kuɗinsu ya haura. Akwai kuma gidajen da masu su ba sa sayar da giya sam. Ka tambaya kafin ka biya, za a gaya maka.

Wani abu da ni yake damuna, ko da bai shiga lissafinka ba. Bayan juyin juya halin Janairun 1964 masu gidajen nan da yawa sun bar ƙasar, gwamnati ta karɓe gidajen, aka cika su da 'yan haya, gyara ya tsaya. Ginin murjani kuwa ba ya jure sakaci: rufi ya fara yoyo, azara ta ruɓe, bango ya jiƙe, wata damina sai ya zube. Gidaje da dama da suke tsaye yau otal ne ya cece su, domin shi ya kawo kuɗin sake azara da shafen farar ƙasa, ya kuma riƙe masassaƙan da suka iya aikin. Kuɗin da ka kashe a gari yana bi ta hannun mai gahawa da mai kifi da mai kwale-kwale da tela. Ba na cewa abin ba shi da illa. Inda otal ya yawaita haya na tashi, 'yan asalin unguwa na komawa bayan gari, kuma UNESCO ta taɓa nuna damuwa a kan sabon ginin da aka jingina wa tsohon gidan Mambo Msiige. Duk da haka, tsakanin baƙon da ya kwana a gari ya ci a gari da wanda aka sauke daga bas ya yi hoto ya tafi, na san wanda garin ya fi amfana da shi.

Abin da za ku haƙura da shi

Kada in yi maka tallan da babu gaskiya. Tsohon gari ba wurin wanka a teku ba ne. Ɗan rairayin da ke Shangani na kallon faɗuwar rana ne, kusa da tashar jiragen ruwa yake. Mota ba ta shiga yawancin lunguna, za a sauke ku a bakin titi a ɗauki kayanku a ka ko a baro. Gidajen hawa uku ne ko huɗu, akasari ba na'urar hawa, matakalar kuma a miƙe take, ɗaki mafi kyau shi ne na can sama. Akwai hayaniya: babura, yara, rediyon maƙwabta, janareta idan wuta ta ɗauke. Tsohon bango yana riƙe danshi, musamman a manyan ruwan Maris zuwa Mayu, don haka ɗakin ƙasa wani lokaci yana da wari-wari. Akwai kuma 'yan cuwa-cuwa da mutanen gari ke kira papasi, masu bin baƙo da tallan yawo. Ka ce "hapana, asante", wato "a'a, na gode", ka ci gaba da tafiya, sukan rabu da kai.

Saboda haka shawarata ba ta kowa ba ce. Wanda zai je da ƙananan yara huɗu, ko da mahaifiya mai ciwon gwiwa, ko wanda aiki ya gajiyar da shi har ba ya son ya yanke shawarar ko da inda zai ci abinci, babban otal na bakin teku ya fi masa, kuma ni da kaina nakan tura irinsu can. Haka wanda yake son ya san iyakar abin da zai kashe tun daga gida, musamman da yadda canjin Naira yake hawa da sauka. Wannan hujja ce mai ƙarfi, ban raina ta ba. Amma ku mutum biyu ne, matasa, ƙafafunku lafiya.

Yadda zan raba kwana bakwai ɗin

Ba dole ne ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya ba. Ni zan ce ku fara da gari, kwana huɗu, tunda filin jirgin Abeid Amani Karume bai wuce tafiyar minti ashirin daga nan ba, kuma bayan doguwar tafiya ta Addis Ababa ko Nairobi ba kwa buƙatar ƙarin awa ɗaya da rabi a mota. Sauran kwana ukun ku tafi bakin teku, amma ku nemi farashin ɗaki da karin kumallo da abincin dare kawai, ba na komai-a-ciki ba. Ka rubuta wa otal ɗin kai tsaye ka ce a ba ka farashin kowanne daban. Da ka ga tazarar da ke tsakaninsu, ka cire kuɗin abincin rana, za ka ga kuɗin giyar da nake faɗa maka da idonka. Wajen zaɓen gaɓa kuma ka san cewa a gabashin tsibirin, su Paje da Jambiani da Kiwengwa, teku na janyewa nesa sosai sau biyu a yini, har mata su shiga gonakin ciyawar ruwa a ƙafa, wanka sai ruwa ya dawo. A Nungwi da Kendwa janyewar kaɗan ce, ana shiga ruwa kusan kowane lokaci. A wannan kam mai shirya maka tafiya ya zaɓi wuri mai kyau.

Kafin ka biya ɗakin gari ka tambayi hawa na nawa yake, ko yana da na'urar sanyaya ɗaki, ko tagarsa na kallon lungu ko tsakar gida, kuma ka ce a turo maka hoton ainihin ɗakin da za a ba ka, tunda ɗakunan sun bambanta. Wasu ɗakunan saman banɗakinsu a buɗe yake ta sama ko labule kawai ya raba shi da gado. Wasu na son haka, wasu amaren ba za su yarda ba. Idan tafiyar ta faɗo a azumi, gidajen abinci da yawa na rufe da rana, gari kuma yana raya dare, wanda a gare ku daɗi ne ba matsala ba. Watan Fabrairu ana bikin kiɗa na Sauti za Busara, ɗakuna na ƙarewa da wuri, farashi na tashi.

Takardu su ne za ka fara da su tun kafin otal. Zanzibar ɓangare ne na ƙasar Tanzaniya, kuma mai fasfon Najeriya ko Nijar ba ya cikin waɗanda ake buga wa bizar Tanzaniya a filin jirgi, sai an nema tun daga gida an jira amincewa, kuma tana iya ɗaukar makonni, don haka kada ka biya ɗakin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Ku riƙe katin rigakafin shawara. Tun daga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta hukumarta, wadda aka fara da dala 44 ga kowane mutum, ana saye ta intanet kafin a tashi. Otal kuma zai ƙara muku harajin kwana a kan kowane mutum. Ka tambaya ko yana cikin farashin da aka faɗa maka ko a can za ka biya.